Jinyar Auta da Muryar Cikin Waya

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki aje abin da ke hannunki ki ba ni kunnenki. In wayarki ce a hannun, ita ma kife ta tukuna, don a kanta za mu yi magana. Ni ba gwanar rubutu ba ce, aji huɗu na yi a firamare, sai Islamiyyar matan aure da na shiga da girmana. Yadda maganar ta zo bakina haka zan zuba miki ita.

Sunana Rabi, a cikin garin Daura nake aure, ɗinkin hula nake yi a tsakar gida. Fita ba ta dame ni ba. In ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune da allura zan gaya miki babur ɗin wa ya tsaya a waje, kuma takun wa ne a zaure. Maigidana, mai fataucin awaki tsakanin Mai'adua da nan, yakan ce da ni aka ba gadin unguwa da ɓarayi sun canja sana'a. Wannan kunnen shi ya kusa kashe mini 'ya, kuma da shi aka cece ta. Har yau in na zauna ina tunanin abin, kaina ɗaurewa yake.

A daminar da cutar mashaƙo ta shigo gari ne. Ƙaramar 'yata shekararta goma sha ɗaya. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunan. Ni Auta nake ce mata, dangin ubanta su ce Ummi. Wata Talata ta dawo daga Islamiyya ta ce maƙogwaronta na ciwo. Ban ɗauki abin da zafi ba. Na dama mata kunu da citta da kanumfari, aka karɓo farasitamol a kemis. Laraba jikinta ya yi ɗumi, ba wani zafi can ba. Alhamis na yi ɗanwake, abincin da in an yi shi sai an ɓoye wa sauran nasu saboda ita, ta sa loma ɗaya ta ture kwanon. A ranar na lura muryarta ta dushe, bakinta kuma na wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Ran Juma'a wuyanta ya kumbura ta gefe biyu har haɓarta ta ɓace.

Daga nan masu shawara suka fara shigowa. Maƙwabciyata ta gabas ta ce hangum ne, a kwaɓa ƙasar gidan zanzaro a shafa. Na shafa. Mai kawo mini zare ta ce ɗan wuya ne, a ba ta jar kanwa da ruwan ɗumi ta kurkure. Na ba ta. A rediyo kuma ana ta cewa duk yaron da wuyansa ya kumbura a garzaya da shi asibiti. Na ji sarai. Amma a rediyo kullum akwai cutar da ta ɓulla, sai ki ɗauka ta garin wasu ce.

Ran Asabar Yaya Ladi ta iso daga Zango. Yayar maigidana ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a gidanmu in ta yi magana ba a ɗora wata a kai. Kada ki ɗauka muguwa ce. Duk 'ya'yana babu wanda take so kamar mai sunan uwarta. Da ta ga wuyan sai ta zube a tabarma, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta tana hawaye. Na ce mata ina tunanin asibiti. Sai ta ciro waya daga jaka ta kunna mini wani saƙon murya da aka turo a guruf ɗin matan unguwarsu.

Mace ce ke magana, murya mai sanyi, irin ta wadda ta san abin da take faɗa. Ta yi sallama cikakkiya, ta yi salati, ta ce ita nas ce, shekararta ashirin tana aiki a asibitin garin nan namu, ba za ta faɗi sunanta ba don kada a kore ta. Ta ce babu wata sabuwar cuta, ɗan wuya ne da iyayenmu suka sani, wanzami ke cire shi. Ta ce duk yaron da aka kai, bayan wata igiya ake shigar da shi a yi masa wata allura. In ya mutu ba a ba da gawa, in ya rayu sai ya nakasa. Ta ce a naɗe auduga a tsinke, a dangwali kanwa, a goge farin abin da ke maƙogwaro. Duk sanda za ta rantse sai ta yi gyaran murya sau biyu. Can bayanta ina jin injin markaɗe yana yi yana shaƙewa, da wata ƙofar langa-langa da iska ke kaɗawa.

Sau uku na sa aka maimaita mini. Na kasa kunne ko zan ji rawar murya irin ta maƙaryaci, ban ji ba. Abin da na ji kawai, kamar na taɓa sanin muryar a wani wuri. Wannan ma sai ya ƙara sa na yarda da ita, na ce ƙila a wajen awo muka taɓa haɗuwa. Na kira maigida, yana can wajen iyaka da awaki, ya ce a bi abin da Yaya ta ce har ya dawo.

Da yamma na yi abin da har yau nake nadamarsa. Yaya ta riƙe ta, na haska bakin da tocila, na hango wani abu toka-toka ya manne a can ciki kamar tsumman da ya daɗe a ruwa. Na goga. Bai fita ba, sai jini. Auta ba ta iya ihu ba, ido kawai ta kafe ni da shi.

Lahadi aka kira Ilu wanzami, tsohon da ya yi wa duk 'ya'yana askin suna. Ya aje zabirarsa, ya danne harshen da ɗan kara, ya daɗe yana leƙe. Sai ya ja da baya, askarsa ko buɗe ta bai yi ba. Ya ce shi beli yake cirewa, shekara da shekaru, wannan kuwa ba nasa ba ne, kuma ba zai sa ƙarfe a abin da bai sani ba. Yaya ta ce tsufa ne ya sa masa tsoro. Ya ce to, tsufan ne, ya rataya zabirarsa ya fita. Yaya ta ce akwai wani a ƙauye gaba da Zango da ba ya mayar da aiki. Ta yi magana da mai mota, zai zo Litinin da hantsi.

Kin ga inda na tsaya. Rediyo na cewa a je asibiti, nas ɗin asibitin na cewa kada a je, wanzamin da ta ce a kira ya ce ba nasa ba ne. Numfashin yarinya kuwa ya fara wani ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

Litinin da safe ina haɗa kaya a jaka na ji sallama. Malama Zulai ce, mai aiki a laburare, ɗakin karatun da ake zuwa aron littattafai. Gida huɗu ne tsakaninmu. Gaskiya kafin ranar ban ɗauki aikinta a bakin komai ba. Mu a unguwa cewa muke ana biyanta albashi don ta kaɗe ƙura ta ce wa mutane su yi shiru. Auta kuwa duk Asabar tana wurinta wajen karatun labarai, kuma rashin ganinta ne ya sa ta biyo a kan hanyarta ta zuwa aiki.

Da ta hango yarinyar daga bakin ƙofa sai ta ja mayafi ta rufe hanci, ta tambayi kwana nawa. Na gaya mata, na gaya mata inda za mu da abin da ya sa. Ta roƙi a kunna mata saƙon.

Yaya ta ce, "To, mai gadin littattafai, yau kuma likita aka koma?"

Ta yi murmushi ta ce, "A'a, Gwaggo. Ko allurar ɗinki ban iya riƙewa ba, bare ta asibiti. Shi ya sa ba zan ce muku ga magani ba. Abin da na iya kawai, in duba daga ina magana ta fito."

Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ba. Sannan ta ce duk littafin da aka kawo mata, kafin ta ɗora shi a kantar littattafai sai ta duba abu uku: wa ya rubuta shi, a ina, kuma yaushe. Wanda babu ko ɗaya, gefe take aje shi. Ta tambayi Yaya wane gari matar ke nufi da garin nan namu. Yaya ta ce Zango mana. Na ce ni Daura na ɗauka. Muka kalli juna. Yaya ta ce ai matar ta rantse da Allah, kuma mai rantsuwa ba a ƙaryata shi. Malama ba ta yi musu ba. Ta ciro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ta ce tun lokacin korona take tara irin waɗannan saƙonni, kowanne ta rubuta ranar da ya fara zuwa hannunta, yadda take wa littattafai. Ta ce za ta kunna mana kaɗan mu ji yadda suke kama da juna.

Na farko namiji ne. Na biyu ban ma saurara ba, hankalina na kan numfashin Auta, ga mai mota ya iso yana danna oda a waje. Na ukun na farawa sai na ɗago kai.

Na ce, "Malama, dawo da wannan."

Ita ce. Sallamar nan, gyaran muryar nan sau biyu kafin rantsuwa, injin markaɗen nan mai shaƙewa, har ƙofar langa-langar. Ashe shekara uku baya, a wayar wata da ta zo karɓar hula, na ji ta. A wancan saƙon cewa ta yi ita matar wani likita ce a Zariya, kada kowa ya yarda a yi masa gwajin korona. Malama Zulai kanta ba ta taɓa lura ba. Ita tarawa ta yi, ba ta haɗa muryoyin ba. Aka aje wayoyin biyu a tabarma aka kunna su bi da bi. Yaya ta ce to, in ma ita ce, ai nas na iya auren likita. Na ga maganarta ta yi ma'ana, zuciyata ta sake juyawa. Sai matar cikin tsohuwar wayar ta kai wurin da take cewa ita ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, abin da mijinta ya gaya mata take isarwa.

Wadda ba ta iya rubuta sunanta ba shekara uku baya, yau shekararta ashirin tana nas. 

Duk da haka ban samu natsuwa ba. Don waccan ta yi ƙarya ba shi ke nuna asibiti zai ba ni 'yata ba. Na faɗa wa Malama haka. Ta ce gaskiya ne. Ta buɗe wata takarda da ke jakarta mai sunayen ma'aikatan lafiya da suka yarda a riƙa kiransu, ta kira ɗaya ta ƙara sauti. Matar ta faɗi sunanta, Sista Hauwa, ta faɗi unguwarsu da gidan ubanta. Na san gidan, na taɓa ɗinka wa yayanta hular angwanci. Ta ce a kara wayar a bakin yarinyar. Ta saurari numfashi uku ko huɗu, ta ce, "Maman Auta, ki taho da ita yanzu. Ina bakin ƙofa, in kin iso ki tambaye ni da sunana."

Na sake kiran maigida. Ya ce shi yana nesa, ni ce nake ganinta, abin da na ga ya dace in yi. Yaya ta miƙe ta tsaya a gabana ta ce, "Rabi, in Ummi ba ta dawo ba, ki sani ke kika kai ta."

Motar da aka ɗauko don zuwa ƙauye ita ta kai mu asibiti. Duk hanya maganar Yaya ce ke amsawa a kaina.

Muna isa abin da na fara gani igiya ce. Wallahi igiya, shuɗiya, an zagaye wani ɗaki da ita, ma'aikata duk fuska a rufe.  Na ce a raina ashe matar nan ba duka ta yi ƙarya ba. Da Sista Hauwa ba ta kama hannuna ba, da na juya. Ta tsallake da mu layin yankar kati, layin da ya kai har gindin darbejiya, mata da goyo zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Likita ya leƙa bakin ya tambayi wa ya taɓa wurin. Na ce ni ce. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi katin rigakafinta na jarirai. Na ce sau ɗaya aka yi mata, ta kwana da zazzaɓi, mutane suka yi ta magana, ban koma ba. Ya ce, "Abin da kike gani a wuya ba shi ne babban abin ba. Gubarsa ce, kuma ta riga ta shiga jini." Wannan maganar ta zauna mini. Sai wata kalma, antitoksin, sunan maganin da ke tare gubar, wadda na yi ta maimaitawa kamar hadda don kada ta ɓace mini.

A ranar babu shi. Aka ce yana hanya. Aka fara mata wasu allurai, aka bar ni na shiga bayan igiyar da takunkumi a fuska, na zauna gefen gadonta ina ƙirga numfashi. Washegari da azahar ya iso aka sa mata a ƙarin ruwa. Ina godiya, don ba a karɓi ko sisi a kansa ba. Amma ina da ƙorafi: yini da kwana babu wanda ya tsaya ya gaya mini me ake jira, kuma me zai faru in bai zo ba. Waccan matar ta waya minti biyar ta zauna tana yi mini bayani a natse. Masu gaskiyar kuwa kowa gudu yake.

A mako na biyu yaron gadon da ke kusa da mu ya rasu. Na leƙa ta taga da gangan, don in gani da idona. An shirya shi, an miƙa wa ubansa, sun tafi da shi. Abinci ta saman igiya ake miƙo mana. Maigida ya dawo, aka ba duk mutanen gidan ƙwayoyi aka yi musu rigakafi, har Yaya, wadda ta ce ita dai don kada a ce ta ƙi ne. Mota da abinci da gwaje-gwaje suka cinye tunkiyata da 'yan kunnen da na aje tun aurena. Kumburin ya fara saɓewa. Ranar da Auta ta ce tana son shayi, na fita bayan ɗakin na yi kuka na ƙoshi.

Aka sallame mu, muka dawo gida ana ta barka. Na ɗauka an gama.

Cikin mako na uku ina ba ta ruwa sai ya dawo ta hanci. Ta buɗe baki ta ce Umma, na ji wata murya daban, ta hanci, kamar ba 'yata ba. Ni da na san muryar kowa a unguwa, sai ga shi ban gane ta cikina ba. Yaya, da ba ta koma Zango ba tukuna, ba ta ɗaga murya ba. A hankali ta ce ai matar ta faɗa, in ya rayu sai ya nakasa, ga allurar ta fara aiki. Maigida ya juyo ya kalle ni. A ranar na daina sanin abin da na yarda da shi. Ranar komawa ganin likita ta zo, na ce kaina ke ciwo, na ƙi zuwa.

Malama Zulai ta shigo duba mu, na tare ta da faɗa. Na ce ita ta sa na kai yarinya aka lalata mata murya. Na zaci za ta kare kanta. Sai ta ce wallahi ba ta san dalilin wannan ba, kuma ba za ta ƙirƙiro mini ba, in ba ta zuwa gobe. Washegari ta dawo da wani ƙaton littafi na koyon aikin nas, bangonsa ya ci ɗinki, takardunsa sun yi ja. Ta nuna mini sunan wanda ya rubuta, da shekarar da aka buga shi. Ta ce in lissafa. Ya girme ni, ya girmi wayar hannu, ya girmi duk wannan rigimar. Ta karanta tana fassara mini: makonni bayan wuya ya warke, gubar kan taɓa jijiyoyi, murya ta koma hanci, ruwa ya dawo ta hanci, daga baya ƙafafu su yi sanyi. Yawanci yana wucewa. Amma takan taɓa zuciya, kuma wannan shi ne abin tsoro, dole likita ya riƙa dubawa. Ta ce kada in tsaya a kan littafi ma, ta kira Sista Hauwa, ita ma ta faɗi haka.

Na ce to me ya hana su gaya mini ranar sallama? Da sun ce ga abin da zai biyo baya, da Yaya ba ta samu abin faɗa ba, da ban yi fashin kwana huɗu ba. Malama ta ce ina da gaskiya, kuma za ta isar da wannan tambayar ga mutanen asibitin.

Da muka koma, likita ya daɗe da abin sauraronsa a ƙirjinta. Ya ce bugun bai yi masa ba. Aka sake kwantar da mu kwana shida, ba tashi, ko bayi sai a kan gado. Ya ce da mun ƙara jinkiri, da labarin ya canja. A mako na shida ƙafafun suka yi sanyi, yadda littafin ya faɗa, sai an riƙe ta take tafiya. Wannan karon ban firgita sosai ba, tunda an riga an gaya mini. Yaya ce ke dama mata kunu mai kauri don kada ta ƙware, tana ba ta da cokali tana ce mata uwata. Kusan wata uku kafin ta taka har zaure da kanta. Muryar ta dawo kaɗan-kaɗan. Wata safiya ina wanke-wanke na ji an ce, "Umma, yau ba za a yi ɗanwake ba?" Na saki kwanon. Muryarta ce, tata ta asali.

Bayan mun samu kanmu, Malama Zulai ta buɗe wani zama a laburare duk Asabar. Mata su zo da saƙonnin da aka turo musu, a saurara tare, a yi musu tambayoyin nan uku, abin da ya shafi magani a kira ma'aikacin lafiya mai suna ya amsa. Ni da ba na fita, sai ga ni da kujera a can, aikina sauraro. Ta roƙe ni in yi nawa saƙon, in faɗi sunana da unguwata da duk abin da ya faru, don masu tsoron igiya su ji daga bakin wadda ta shiga ta fito da 'yarta. Na yi, minti bakwai, ban rage komai ba, har gugar da na yi da auduga. An ce wasu sun kai yaransu saboda shi. Na ji daɗi.

Bayan Sallah sai ga Yaya Ladi daga Zango, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini waya. Na kunna, na ji muryata. An yanke sallamar da sunana, an yanke ƙarshen. Abin da aka bari bai kai minti ɗaya ba: ni ina cewa na ga igiya, an sa mata magani a ƙarin ruwa, bayan mako biyu ruwa ya dawo ta hanci, ƙafafunta suka mutu. Har kukan da ya ƙwace mini a wurin an bar shi. A sama an rubuta wai uwar da asibiti ya nakasa wa 'ya.

Yaya ta ce a gidan suna aka kunna shi cikin mata, ta tashi ta gaya musu wannan matar ƙanenta ce, yarinyar kuma tana nan tana cin tuwo. Ta ce ta tambaye su wa ya turo, daga ina, yaushe, ba wadda ta sani. Wasu sun yarda da ita, wasu sun ce an saye ta. Ita da ta kawo mini waccan muryar, ita ce yau ake cewa an saya.

Ban san wanda ya yanke ba, ban san abin da ya samu da yin haka ba. Na tambayi Malama ko in da na yi shiru ya fi. Ta ce ba ta sani ba, amma cikakken yana wurinta da ranar da aka ɗauka, kuma in rubuta shi a takarda ta aje a laburare inda kowa zai zo ya gani daga farko har ƙarshe. Shi ne wannan da ke hannunki. Auta na gefena yanzu tana gyara mini inda na ci harafi, tana yi mini dariya.

Abin da ke hana ni sakewa, a wani gida da ban sani ba akwai uwa zaune da yaro mai kumburarren wuya, tana sauraron kukana, tana cewa wannan muryar ba ta maƙaryaciya ba ce. Kuma ba ta yi kuskure ba, ban yi ƙarya ba. To ke, 'yar'uwa, in guntun nan ya taɓa shigowa wayarki, wa kika tura wa, kuma za ki koma ki gaya mata yarinyar tana raye?